RUMBUN KWAMFUTA: ABIN DA ZA KA DUBA KAFIN KA CE "NA SAYA"

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a 'yan shekarun nan, ya tsaya Gidan Mutum Ɗaya ko Yashe ko cikin garin Kankiya, ya ga rumfunan masu caji da turi. Teburi ɗaya ne da kwamfuta, ga wayoyi rututu, ga samari sun kewaye, wannan yana so a zuba masa sabon fim, wancan yana neman karatu ko waƙa. A cikin kasuwa kuwa, mai awo da mai dabbobi da dillali duk sun koma ajiye lissafinsu a waya: hoton rasit, da hoton littafin bashi, da muryar da aka ƙulla ciniki da ita, har da takardar fili. Ran da wayar ta faɗa ruwa, ko ɓarawo ya zare ta a tasha, sai ka ga mutum ya yi zugum, don ya san bashin da yake bi ya tafi tare da ita.

A shekarun 1990, mai kaset yakan je Ƙofar Wambai a Kano ya yi sari, ya cika shago da kaya har rufi. In kaset ɗaya ya tsinke, ɗaya ya rasa. Yau kayan da suka cika shagon nan duka suna shiga faifan ajiya guda wanda bai wuce tafin hannu ba. Sauƙi ne babba, amma fa in faifan nan ya mutu, jarin ya mutu gaba ɗaya a dare guda.

Saboda haka ne mutane suka fara tambayar wata irin kwamfuta mai tsaye, wadda ake girkewa a shago ko a gida, a cika ta da faifai, sa'an nan wayoyi da talabijin da sauran kwamfutoci su riƙa ɗiba daga cikinta. Masu sana'ar suna ce mata saba. Mu a nan rumbu za mu kira ta, domin aikinsu ɗaya. Kuma yadda manomi ba ya yabon rumbu don tsawonsa, sai don ya riƙe hatsi har damina, haka wannan ma. Akwatin shi ne ya fi komai araha a cinikin. Kuɗin gaske yana wajen faifai da wuta.

KA FARA AUNA KAYANKA

Ba kowa ne ke bukatar rumbu ba. Ɗan kasuwar da kayansa hotunan rasit ne da takardu da bidiyon biki, faifai biyu na tafi-da-gidanka sun ishe shi. Ya zuba a ɗaya, ya maimaita a ɗaya, shi ke nan. Mai bukatar rumbu shi ne mai turi, da mai ɗaukar hoton biki da suna, da mai shagon buga takardu, da babban gida inda ake son kowa ya yi kallo ba tare da ƙona data ba.

Ga yadda ake awon. MB 1,000 su ne GB ɗaya, GB 1,000 su ne TB ɗaya. In fim ɗaya ya ci MB 500, TB ɗaya zai ɗauki fim wajen 1,900. Kada ka yi faɗa da mai kaya in ka jona faifan TB 1 ka ga kwamfuta ta nuna GB 931, ko na TB 4 ya nuna 3.63. Ba algus ba ne, mudun kamfani da na kwamfuta ne suka bambanta. Ka lissafa abin da kake da shi yau, ka ninka biyu saboda baɗi da baɗin baɗaɗa, wannan shi ne girman da za ka nema.

IRI UKU NE A KASUWA

Yawancin mutanenmu na Kankiya da Kusada Kano suke zuwa, Titin Beirut ko Farm Centre. Kayan kuwa galibi na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama aiki da su, suka shigo ta Legas. Iri uku za ka tarar.

Na farko, manyan saba masu ƙwaƙwalwa biyu, irin su Dell PowerEdge T610 da HP ProLiant ML350 G6, waɗanda suka fito tun 2009. Su ne masu ruɗin ido. Dillali zai ce maka, "Alhaji, ɗaga ka ji nauyi. Wannan daga banki ta fito, kuma na bar maka ita a kuɗin ƙaramar." Gaskiya ne tana da nauyi, kuma gaskiya ne tana da araha. An gina ta ne don ɗaki mai sanyi wanda wuta ba ta yankewa. A shagonka za ta yi ƙugi, ta cika ɗaki da zafi, ta shanye batir. Ka ce masa, "Malam, na ji nauyi. Jona ta mu ga abin da take sha."

Na biyu, ƙananan saba masu ƙwaƙwalwa ɗaya, waɗanda aka yi don ƙananan ofisoshi. Akwai Dell PowerEdge T20 ta 2013, da ƙanwarta T30, kowace tana da gurbin manyan faifai huɗu. Akwai T40 ta 2019 mai gurbi uku. Akwai Lenovo ThinkServer TS140, da HP ProLiant ML10 Gen9, da 'yar gajeriyar nan HP MicroServer Gen8 mai gurbi huɗu. Ba su da ƙara, ba su da ci. Da yawansu suna ɗauke da ƙwaƙwalwar Xeon E3-1225, wadda ke iya sarrafa bidiyo da kanta ba sai an ƙara mata katin hoto ba. Waɗannan su suka fi dacewa da mu. Sai dai mai sayen ML10 Gen9 ya sani ba ta da ramin VGA, watau shuɗin nan da tsofaffin allunanmu ke shiga. Sai ya haɗa da mahaɗin DisplayPort tun a kasuwa, kada ya iso gida ya rasa inda zai jona allo.

Na uku, kwamfutar ofis mai tsaye, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk. Ita ta fi yawa, ta fi araha, kuma kowane mai gyara a Katsina ya san cikinta. Gurbin faifanta kaɗan ne, yawanci biyu. In faifai biyu za su ishe ka, ɗauke ta, ba abin kunya ba ne. Amma ka nemi doguwar, kada siririyar, don siririyar galibi babban faifai ɗaya take ɗauka.

Ram GB 8 ya isa a soma, 16 kuwa ya wadatar. A nan ma akwai tarko. Ram ɗin manyan saba, wanda ake kira RDIMM, yana da araha a kasuwa, amma ba ya aiki a waɗannan ƙananan. Kuma T20 irin DDR3 take ci, T30 kuwa DDR4. Kada ka sayi ram a wani shago ka taho da shi a aljihu. A sa shi a gabanka, a kunna, ka gani.

LISSAFIN WUTA

Lambar da aka rubuta a jikin fawa-fak, kamar wat 290 na T20 da T30, iyakar ƙarfinsa ke nan, ba abin da take sha kullum ba. Ƙaramar saba da faifai biyu, tana zaune tana jiran aiki, takan sha wat 30 zuwa 40. Tsohuwar babbar kuwa takan ja wat 150, wani lokaci fiye.

To, mu buga lissafi. Wat 35 sau awa 24 sau kwana 30, yunit 25 ke nan a wata. Wat 150 kuwa yunit 108. Bambancin ya kusa yunit 1,000 a shekara. A farashin N225 kan kowane yunit, wanda hukumar NERC ta yanka wa 'yan rukunin A a watan Afrilu 2024, bambancin nan ya haura N220,000. Wanda KEDCO ta sa a wani rukunin yana biyan ƙasa da haka, amma awoyin wutarsa sun fi kaɗan, sauran kuwa da fetur yake cikewa, kuma kowa ya san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a watan Mayu 2023. Ashe ragin da dillali ya yi maka a kan babbar, kafin shekara ta kewayo ka biya shi har da riba.

Mai sola ma ga nasa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wat-awa 2,400, kuma in irin na ruwa ne rabinsa ake ci in ana so ya daɗe, watau 1,200. Ƙaramar za ta kwana ta yini a kan wannan. Babbar awa takwas ce a takarda, kuma in inbata ta cire rabonta, daga isha'i ba za ta kai asuba ba.

Abin da ke kashe faifai da sauri shi ne yankewar wuta yana tsakiyar rubutu, da wutar da ke dawowa da ƙarfi. Saboda haka kada ka jona rumbu kai tsaye da bango ko da ƙaramin janareta. Ka sa sitabilaiza, sa'an nan UPS ko inbata mai tatacciyar wuta, wadda ake ce wa pure sine, domin fawa-fak ɗin saba ba ya jituwa da inbata mai araha. Da damina, in hadari ya taso ana walƙiya, ka kashe ka zare waya. Kuma ba dole ne ta kwana a kunne ba; in ka rufe shago, ka kashe ta yadda ya kamata, kada ka fizge soket.

FAIFAI SHI NE HATSIN

Akwati na hannu ba laifi. Faifai kuwa, in da hali, sabo. Ana yin wasu musamman don irin wannan aiki, kamar WD Red Plus, da Seagate IronWolf, da Toshiba N300. Ka raba kuɗin kowane faifai da yawan TB ɗinsa, yadda kake fid da kuɗin tiya daga kuɗin buhu, sai ka ga wanda ya fi araha da gaske.

Abu uku za ka kiyaye. Na ɗaya, SAS da SATA. Faifan SAS na manyan saba ne, ana zubar da shi da araha, amma bakinsa ba ya shiga ramin SATA na ƙaramar saba ko kwamfutar ofis. Na biyu, CMR da SMR. Shi SMR layukan rubutunsa hawa kan juna suke yi kamar jeren kwanon rufi, in za a gyara layi ɗaya sai an taɓa na kusa, shi ya sa yakan yi nawa in an dame shi da zubi. A watan Afrilu 2020 kamfanin Western Digital ya amsa cewa wasu WD Red na TB 2 zuwa 6 irin SMR ne, daga baya ya raɗa wa na CMR ɗin suna Red Plus. Saboda haka ka duba kalmar Plus a jikin takardar.

Na uku, shekaru. Kowane faifai yana ƙirga awoyin da ya yi yana aiki, kamar mitar mota. Wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna su, ta kuma nuna lafiyarsa da launi: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa a guje shi. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. Faifan da ya nuna 26,000 ya yi shekara uku bai huta ba, komai ƙyallin ledarsa. In ya nuna ruwan ɗorawa, ko kana jin yana ƙas-ƙas, ko kyauta aka ba ka kada ka zuba masa abin da kake so.

Har mitar ma akan juya. A farkon 2025 wata kafar labaran kwamfuta ta Jamus mai suna Heise ta tona cewa ana sayar da tsofaffin faifan Seagate Exos da sunan sababbi, bayan 'yan tsakiya sun mai da ƙirgarsu sifili, alhali sun yi dubban awoyi suna aiki. An gane ne don faifan Seagate yana da wani littafin lissafi na biyu a cikinsa, ana ce masa FARM, wanda manhajar smartmontools ke karantawa. In an yi wa mutanen Jamus haka, kai ma sai ka buɗe ido. Sabon faifai da aka karya masa farashi ƙwarai, akwai dalili.

KWAFI BIYU, WURI BIYU

Masu haɗawa za su ce maka a yi madubi, watau RAID 1: faifai biyu, duk abin da aka rubuta a wannan yana hawa wancan. Faifai biyu na TB 4 za su ba ka TB 4, ba 8 ba. Yana da amfani, don in ɗaya ya mutu ɗaya na nan, kasuwa ba ta tsaya ba. Amma in yaro ya goge fayil, ya gogu a duka biyun. In ƙwayar cuta ta shiga, ta shiga duka. In gobara ta tashi, tare za su ƙone. Ba mu manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016 ba, da ta Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris 2021.

Saboda haka sai ka sami faifai na uku, na tafi-da-gidanka. Kowane mako ka zuba masa abin da ya ƙaru, ka zare shi, ka kai shi wani wuri. In rumbu na shago a Kankiya, shi ya kwana gida a Kafin Soli ko Rimaye. In kuɗinka na faifai biyu ne kacal, to ɗaya a ciki ɗaya a waje ya fi madubi. Takardun fili da littafin bashi kuwa ba su da nauyi. GB 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ya ishe su, sai ka ƙara ajiye su can.

ƘURA DA ZAFI DA MAZAUNI

Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara kuma yana haura digiri 40 a inuwa. Kada ka ajiye rumbu a ƙasa, kada kuma a ƙarƙashin kwano kai tsaye. Ka ɗora shi a kan benci mai ƙarfi, ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, kada ka rufe shi da zane yana kunne. Kowane wata ka kashe, ka buɗe murfi, ka hure ƙurar. Manhajar nan tana nuna zafin faifai. In ya haura 45 ka ƙara fanka, in ya kai 50 ka kashe ya huta. Kuma kada a ja shi ko a buge shi yana aiki, domin faifan juyawa yake yi a ciki.

ABIN DA ZA A ZUBA MATA

Ba sai ka sayi lasisi ba. OpenMediaVault kyauta ce, ba ta da nauyi, ta ishi mai faifai biyu ko huɗu. TrueNAS ma kyauta ce, amma tana neman ram GB 8 aƙalla. Don kallo a talabijin da waya akwai Jellyfin, wadda ke aiki a cikin gida ko da babu intanet. A zuba manhajar a ƙaramin SSD na dabam, GB 120 ya isa, kada a cakuɗa ta da kaya. Mai son Windows ya sani Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma T20 da T30 ba sa cikin jerin waɗanda aka amince su ɗauki Windows 11.

Ka haɗa rumbu da kwamfutar teburi da kebul, ta hanyar suwic mai gigabit. Fim na MB 500 zai wuce cikin daƙiƙa biyar ko shida. A tsohon suwic mai 100 kuwa sai ya haura daƙiƙa 40, ga layi yana jira. Mai turi kuma kada ya riƙa cusa memorin jama'a a jikin rumbu. Memori ɗari, cuta ɗari. A jona su a kwamfutar teburi, ita kuma a ba ta ikon ɗiba kawai, ban da zubawa da gogewa.

RANAR CINIKI

Kayan nan da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni 2023 farashinsu ba ya zama wuri ɗaya. Ka taya a shago uku a rana ɗaya. Shawararmu, a kowace N100 da ka ware, 30 ta tafi akwati, 45 faifai, 25 kariyar wuta. Wanda ya zuba 80 a akwati ya sayi rumbu babu hatsi.

Kada ka yi cinikin biri a sama, watau ka tura kuɗi don hoton da aka aiko maka a waya. Ka je da kanka, ko ka aiki wanda ya san aikin. A buɗe murfi a gabanka. Ka ƙirga guraben faifai, da ramukan SATA, da wayoyin wutarsu, ka tabbata marikan faifan suna nan, don akan cire su a sayar dabam. Ka sunsuna ko akwai ƙaurin ƙuna. A shiga BIOS ka ga ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Kwamfutar Dell tana da lamba mai harafi bakwai a jikinta, in an buga ta a shafin kamfanin za ta nuna lokacin da aka fitar da ita da abin da aka sa mata. Ka tambayi ko ana samun fawa-fak ɗinta a kasuwar, domin waɗannan na Dell soket ɗinsu dabam ne da na gama-gari. A bar ta a kunne awa guda, a kwafi babban fayil, ka saurara.

Kafin a yi sallama, a yanka la'adar dillali, a faɗi kwanakin garanti, a rubuta su a rasit tare da lambar akwati da ta kowane faifai. A hanya kuwa ka cire faifan, ka naɗe su da tsumma, ka riƙe a cinya. Akwati ya shiga but, su kada su shiga.

Saura magana ɗaya ga masu turi. Fim da waƙa dukiyar waɗanda suka yi su ce, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta shafi kwafin da ake turawa a waya kamar yadda ta shafi kaset da faifan CD. Ka karɓi kaya ta hannun masu su, ka biya abin da aka yanka, ka ajiye shaidar biyan a cikin rumbun nan, da kuma faifan da ke kwana a gida.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya.